Yadda mai ciwon da aka kasa gano kansa zai shawo kan rashin barci

Ƙarfe biyu na dare ta gota, janaretan maƙwabci na ƙarshe ya yi shiru, ba abin da kake ji sai haushin kare daga nesa da numfashin waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya, kai kuwa idonka biyu. Ka juya dama ka juya hagu, ka gyara matashin kai ya fi sau goma, kafaɗa tana zogi, ƙafafu sun yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, zuciya kuma tana bugawa har kana jin ta a kunne. A cikin wata leda ƙarƙashin katifa akwai takardun gwajin da ka tara, na jini da na fitsari da hoton ƙirji da na ciki, dukkansu bakinsu ɗaya: ba a ga komai ba. An yi maka maganin maleriya da taifot har ka daina lissafi. Wani ya ce olsa ce, wani ya ce sanyi ne ya kama ka, gwaggonka ta ce a nemi taimako domin abin ya fi kama da sammu, wani likita kuma ya dube ka ya ce ka rage tunani. Ciwon dai yana nan daram, kuma tun da ya zo barci ya ƙaurace wa idonka.

Na daɗe a cikin wannan hali, kuma kuskuren da ya fi cin lokacina shi ne zaton da na yi cewa barci ba zai dawo ba sai ranar da aka gano sunan ciwon. Abin da na fahimta daga baya shi ne, ko da ciwonka bai da suna, rashin barcinka yana da nasa, an san yadda yake kafuwa, an san yadda ake warware shi, kuma ana iya fara wannan aiki tun yau ba tare da jiran sakamakon wani gwaji ba. Likitoci suna ɗaukar rashin barci a matsayin mai daɗewa idan mutum yana wahalar samun barci, ko yana farkawa ya kasa komawa, aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, kuma abin yana taɓa harkokinsa na rana. Wanda ya kai wannan matsayi yana da larura ta biyu a kan ta farko, kuma ta cancanci a yi mata jinya da kanta.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata a jinkirta ba. A shekarar 1975, wani likita a birnin Toronto na ƙasar Kanada mai suna Harvey Moldofsky ya wallafa binciken da ya yi a kan lafiyayyun mutane, inda aka riƙa katse musu barci mai nauyi da ƙara duk lokacin da suka nutsa. Bayan 'yan kwanaki sai suka fara kukan ciwon jiki da tsamin gaɓoɓi irin wanda masu ciwon jiki mai daɗewa suke yi. Ke nan ciwo yana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara wa ciwo kaifi, kowanne yana yi wa ɗan'uwansa aiki. Tun da an kasa kama ciwon ta kai, hikima ita ce a kama shi ta wajen barci, inda hannunka yake iya kaiwa.

Abin da yake riƙe da rashin barci

Abu biyu ne suke kawo barci. Na farko shi ne abin da za a iya kira yunwar barci: tun daga lokacin da ka farka wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma yawansa ne yake sa ido ya yi nauyi da dare, kamar yadda yunwa take taruwa tun daga cin abinci na ƙarshe. Na biyu shi ne agogon jiki, wanda hasken safiya yake saita shi kullum, duhun dare kuma yake ba shi damar sakin sinadarin melatonin. Idan waɗannan biyu suka haɗu barci yakan zo da kansa, sai dai idan akwai abin da ya tare masa ƙofa, wato ƙwaƙwalwar da take ganin akwai haɗari a kusa. Ba wanda yake barci alhali yana jin motsin ɓarawo a tsakar gida, mai ciwon da ba a gano ba kuwa ɓarawon nasa yana cikin jikinsa.

Wani masanin barci Ba'amurke mai suna Arthur Spielman ya bayyana a 1987 cewa abin da ya kunna wutar rashin barci daban ne da abin da yake zuba mata itace. Ciwo ne ya kunna ta, babu shakka. Amma itacen, abin takaici, shi ne dabarun da muke yi da kyakkyawar niyya domin mu rama barcin da muka rasa: kwanciya tun da an idar da isha'i, daɗewa a shimfiɗa har rana ta take, doguwar ƙailula, duba agogo, da ƙoƙarin tilasta wa ido ya rufu. Kowanne daga cikinsu yana rage yunwar barci ko yana ƙara fargaba. Jinyar da aka gina a kan gyara waɗannan ɗabi'u da tunanin da yake tare da su, wadda likitoci suke kira CBT-I, ita ce babbar ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta ce a 2016 a riƙa farawa da ita kafin ƙwaya. Abin da zai biyo baya an ɗebo shi ne daga wannan jinya, sai dai na sassauta shi, domin yawancin ƙa'idojinta an tsara su ne da mai lafiyar jiki a zuciya, kuma marar lafiya ba zai iya bin su yadda suke ba.

Fara da ƙaramin littafi

Kafin ka canza komai, ka nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ka yi mako biyu kana cika shi kowace safiya. Ka rubuta lokacin da ka kwanta, da ƙiyasin lokacin da barci ya ɗauke ka, da sau nawa ka farka da abin da ya tashe ka, da lokacin da ka bar shimfiɗa. Ka ƙara da barcin rana idan ka yi, da shayi ko goron da ka ci, da magungunan da ka sha da lokacin shan kowanne, sannan ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. Da ƙiyasi za ka cika shi, ba da kallon agogo cikin dare ba. Mutane da yawa da suke rantsuwa ba su runtsa ba sukan tarar a littafin cewa suna samun awa huɗu ko biyar a gutsure, kuma wannan ganin kaɗai yakan rage tsoro.

Wannan littafi shi ne za ka kai wa likita, domin akwai abubuwa masu magani da suke ɓuya a bayan rashin barci, waɗanda ba a cika tambayarsu ba a layin asibiti mai cunkoso. Idan abokin kwananka ya ce kana minshari mai ƙarfi, numfashinka yana ɗaukewa sannan ka zabura, kuma kana tashi da ciwon kai, to a duba ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan da zarar ka kwanta ƙafafunka suna yi maka wani irin yam-yam da ba ya lafawa sai ka motsa su ko ka tashi ka taka, ka faɗa, domin sau da yawa wannan yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, kuma ana gano shi da gwajin jini. Bugun zuciya da rawar hannu da rama da rashin jure zafi suna iya nuna cewa ƙullin tayirod da ke wuya yana aiki fiye da kima. Yawan fitsarin dare tare da ƙishirwa yana sa a duba suga. Tarin da ya wuce mako biyu tare da gumin dare da rama yana buƙatar gwajin tarin fuka. Farkawa da ƙarancin numfashi, ko kasa kwanciya sai an tara matasai, magana ce ta zuciya da ba a jinkirta ta. Haka kuma wasu magunguna da kansu suke korar barci, kamar prednisolone idan aka sha shi da yamma, da maganin asma na salbutamol, da magungunan hawan jini masu sa fitsari. Sau da yawa canza lokacin shansu kawai ya isa, amma likita ne zai canza, ba kai ba.

Kafa lokacin tashi, sannan ka rage zaman shimfiɗa

Ba ka da iko a kan lokacin da barci zai zo, amma kana da iko a kan lokacin da za ka tashi, kuma daga nan ake fara gyara. Ka zaɓi lokaci ɗaya ka riƙe shi kullum, ko daren ya yi kyau ko ya yi muni. A ƙasar Hausa muna da sa'a a nan, domin kiran sallar asuba ba ya gusawa da fiye da awa guda a duk shekara. Abin da yake ɓata lamarin shi ne komawar bayan asuba marar ƙa'ida, yau a tashi ƙarfe bakwai, gobe goma, jibi sai azahar. Idan jikinka yana buƙatar komawa, ka koma, amma ka yanke mata iyaka, misali ƙarfe bakwai, kada ka wuce. Da ka tashi ka nemi haske. Ko ba za ka iya tafiya ba, a shimfiɗa maka tabarma a bakin ƙofa ka sha hantsi na minti ashirin ko talatin, domin wannan hasken ne yake gaya wa agogon jiki cewa gari ya waye, kuma daga shi ne yake lissafin lokacin da zai kawo barcin daren gaba.

Yanzu ka koma ga littafinka. A ce kana kwanciya ƙarfe tara kana tashi biyar da rabi, amma barcin da kake samu bai wuce awa biyar ba. Ke nan kana shafe awa uku da rabi kowane dare kana kokawa da shimfiɗa, kuma kowane dare ƙwaƙwalwarka tana ƙara koyon cewa gado wurin wahala ne. Hanyar Spielman ta asali ita ce a yanke zaman shimfiɗa nan take ya dawo daidai da barcin da ake samu, ba tare da an yi ƙasa da awa huɗu da rabi ba. Tana aiki, amma tana da tsanani, kuma ga wanda jikinsa ya riga ya raunana tana iya tayar da ciwo. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a bi a hankali: mako na farko ka jinkirta kwanciya zuwa tara da rabi, mako na biyu zuwa goma, na uku goma da rabi, har ka kai inda mafi yawan lokacin da kake kwance, kamar kashi 85 cikin 100, barci kake yi. Idan ka yi mako guda a haka, sai ka fara mayar da minti goma sha biyar kowane mako. Mai farfaɗiya, da mai larurar ƙwaƙwalwa da take sa zumuɗi mai tsanani lokaci-lokaci, da mai juna biyu, da direba ko mai aiki da inji, kada su gwada wannan sai da sanin likita.

Ƙailula ba laifi ba ce, kuma marar lafiya yakan buƙace ta. Sai dai ta zama kamar ɗan abin taɓawa kafin tuwon dare, wanda idan ya yi yawa yake kashe cin abincin. Minti ashirin zuwa talatin bayan azahar ya wadatar, bayan la'asar kuma a haƙura.

Idan ka kwanta barci ya ƙi

Ƙa'idar da masanin halayyar ɗan'adam Richard Bootzin ya kawo a 1972 ita ce, idan ka kwanta ka ga barci ba shi da niyyar zuwa, ka tashi ka bar gadon ka yi wani abu mai sanyi, kada ka koma sai ido ya yi nauyi. Manufar ita ce a raba gado da fargaba. Amma wanda ya rubuta wannan bai kwana ɗaki ɗaya da yara huɗu ba, kuma bai san tashin da yake sa jiri ko yake tayar da ciwon baya ba. Idan za ka iya tashi, ka tanadi wurin zama tun da yamma, kujera ko tabarma da matashi, da ƙaramar fitila marar haske sosai, domin kada ka riƙa lalube cikin duhu. Idan ba za ka iya ba, ka canza yanayinka a inda kake: ka tashi zaune ka jingina da bango, ka juya kanka zuwa wajen ƙafa, ka sa rediyo ko karatu a hankali a kunne. Abin nufi shi ne jikinka ya gane cewa an daina kokawa. Idan hamma ta fara zuwa, kai ya fara rinjaya, sai ka koma kwanciyarka ta barci. Ba a auna wannan da agogo. Ka juya fuskar agogon bango, wayar kuma ka ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa, domin duk dubawa ɗaya lissafi take haifarwa, saura awa uku, saura biyu, kuma ba a barci ana lissafi.

Wanda ciwo ya sa yake wuni a kwance yana da ƙarin aiki, domin gadon nan shi ne falonsa, shi ne wurin cin abincinsa, shi ne asibitinsa. Idan da hali, a raba wurin hutun rana da na barcin dare, ko da tabarma ce a ɗaya kusurwar ɗakin. Idan babu hali, a raba su da alama: da safe a naɗe bargo, a buɗe taga, a sauya tufafi, a tara matasai a jingina, da dare a mayar da komai yadda yake. Abin kamar ƙarami ne, amma da irin waɗannan alamu ƙwaƙwalwa take rarrabe dare da rana.

Kada farkawar tsakar dare ta tsorata ka. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowanne kamar minti casa'in, kuma kowa yakan ɗan farka a tsakani, sai dai mai lafiya ba ya tunawa. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna cewa mutanen Turai kafin zuwan fitilun zamani sukan yi barci biyu a dare, su farka a tsakiya su yi addu'a ko hira sannan su koma. Mu ma mun san masu tashi nafila cikin dare su koma su kwanta lafiya lau. Farkawar ba ita ce matsala ba, abin da kake gaya wa kanka bayan ka farka shi ne.

Tunanin dare

A nan ne mai ciwon da ba a gano ba ya bambanta da sauran marasa barci, kuma a nan na fi shan wuya. Da rana akwai hayaniya da mutane, amma da dare ba kowa sai kai da jikinka, sai ka zama mai gadin kanka. Ka ji wani ɗan suka a haƙarƙari ka ce ko zuciya ce, yatsa ya yi sanyi ka ce ko shanyewar ɓarin jiki ce take tafe. Daga nan hannu ya kai ga waya, ka rubuta alamominka a intanet, cikin minti biyar an jero maka cututtuka goma masu kisa. Ban taɓa samun amsa ta wannan hanya da ƙarfe uku na dare ba, amma na rasa darare masu yawa a kanta.

Abin da ya taimake ni shi ne na roƙi likita, a wata ganawa, ya faɗa mini alamomin da idan na gani dole in tafi asibiti ko da tsakar dare ne, na kuwa rubuta su a bangon littafina: ciwon ƙirji mai danna mutum, ƙarancin numfashi mai tsanani, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki ko sarƙewar harshe, aman jini, suma, ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya. Kai ma ka nemi naka jerin, domin ya danganta da jikinka. Daga ranar doka ta zama ɗaya: abin da yake cikin jerin, a tashi mutanen gida a tafi, abin da ba ya ciki, a rubuta shi a layi ɗaya a bar wa safiya. Amfanin wannan shi ne an sauke maka nauyin yanke hukunci a lokacin da hankali ya fi rauni.

Sannan ka ba damuwa lokacinta da rana. Bayan la'asar ka zauna minti goma sha biyar da takarda, ka rubuta abin da yake cin ranka, kuɗin gwaji ne, ko aikin da kake tsoron rasawa, ko maganar da wani ya yaɓa maka, kuma a gaban kowanne ka rubuta mataki ɗaya da za ka iya ɗauka, ko ka rubuta cewa wannan ba ya hannunka. Idan tunanin ya dawo da dare, kana da abin ce masa: an riga an saurare ka, sai gobe.

Hankali ba ya zama fanko, saboda haka umartar sa da ya daina tunani ɓata lokaci ne. Sai dai a ba shi wani abu mai laushi ya riƙe. Musulmi yana da azkar ɗin kwanciya, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, da tasbihin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Nana Faɗima da Sayyadina Ali, talatin da uku, talatin da uku, talatin da huɗu. Kirista yana da zaburarsa da addu'arsa. Shawarata ita ce a yi su domin ibada da natsuwa, kada a mayar da su ma'aunin gwaji, a gama a tsaya ana sauraron ko barci ya zo, domin wannan sauraron shi ne farkawa. Ana iya haɗawa da numfashi a hankali, a ja ta hanci, a sake shi ya fi jan tsawo, a bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya daga yatsun ƙafa zuwa muƙamuƙi ana sakin su. Wasu littattafai suna cewa a fara ɗaure tsoka sannan a sake. Mai ciwon jiki ya tsallake ɗaurewar.

Zafi, goro da ƙwaya

Jiki yana buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya kama, shi ya sa watannin Maris zuwa Mayu suke zama azaba. Wanka kafin kwanciya, da jiƙa zani a rataya a taga, da kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, da fanka mai caji ga mai hali, duk suna taimakawa. Da hunturu kuma, ga mai ciwon gaɓoɓi, ruwan ɗumi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya ya fi. Matashi tsakanin gwiwoyi ga mai kwanciya ta gefe, ko ƙarƙashin gwiwoyi ga mai rigingine, yana rage jan baya. Mai ƙwannafi ya ci abinci awa uku kafin kwanciya, ya kuma ɗaga wajen kan gadon.

Kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi mai korar barci, yana aiki ne ta hanyar toshe wa adenosin hanya, kuma bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Shayin da ka sha ƙarfe biyar na yamma bai bar jikinka ba ƙarfe goma. Goro yana ciki, haka shayin Buzaye mai kauri, da kofi, da lemon kwalba masu sa kuzari. Wanda mutane ba su cika lura da shi ba shi ne na cikin maganin ciwo: kowace ƙwayar Panadol Extra tana ɗauke da kafeyin, saboda haka wanda ya haɗiyi biyu da dare domin ciwo ya lafa ya yi barci, ya sha abin da yake korar barcin ne. Ka karanta jikin kwali, kuma daga azahar ka rufe wannan ƙofa.

Game da ƙwayar barci ba zan ce haramun ce ba, domin akwai lokacin da likita yake bayar da ita na ɗan gajeren lokaci kuma ta yi amfani. Abin da nake tsoro shi ne na kemis, inda ake miƙo diazepam ko Lexotan ba tare da takarda ba. Waɗannan ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, domin jiki yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da aka bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Haɗa su da tramadol ko kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tarinsa a 2018, yana iya tsayar da numfashi cikin barci. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan. Akwai magunguna irin amitriptyline da ake bayarwa ƙanƙani da yamma ga masu ciwon jiki mai daɗewa, suna taɓa ciwon da barcin tare, kuma ya dace ka tambaya ko sun dace da kai. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba a ciki ba kuwa, ka faɗa wa likita duk wanda kake sha, ko da kana jin nauyin faɗa.

Washegari, da mutanen gida

Bayan mummunan dare, abin da rai yake so shi ne a soke komai a koma gado, da yamma kuma a kwanta da wuri. Ka tashi a lokacinka, ka sha haskenka, ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka zama dole ka bar saura. Motsa jiki yana taimaka wa barci, amma akwai masu ciwon da idan suka yi aikin da ya fi ƙarfinsu sai su faɗi warwas bayan kwana ɗaya ko biyu. Saboda irinsu ne hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta janye, a 2021, shawarar a riƙa ƙara musu motsa jiki mataki-mataki. Idan kana cikinsu, jiki magayi: ka tsaya kafin ka gaji, ka rarraba aiki, domin gajiyar da ta wuce kima ba ta kawo barci, sai dai ta bar mutum a gajiye ido kuma a bushe.

Mutanen gida suna iya zama magani, suna iya zama ƙarin ciwo. Wanda ba a gano ciwonsa ba yakan sha jin cewa raki ne ko son jiki, mata kuma sun fi shan wannan, ga girki ga raino ga tashin dare domin yara. Ka zaunar da wanda ya fi kusa da kai ka nuna masa littafin, ka nemi abu takamaimai: a rage ƙarar talabijin daga ƙarfe kaza, wani ya karɓi tashin yaro dare biyu a mako, a daina tambayarka kowace safiya ko ka samu barci, domin tambayar tana mayar da dare jarrabawa.

Idan ka ga kana farkawa tun kafin asuba da ƙunci a ƙirji, abin da kake so a da ya fita daga ranka, ko ka fara jin cewa gara mutuwa, kada ka bar wannan a cikinka ko na kwana ɗaya. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi, ku je asibiti tare. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri, suna ganin masu rashin barci da masu baƙin ciki kullum. Zuwa can ba yana nufin ka yarda cewa ciwon jikinka ƙirƙira ba ne, kuma ba ya hana a ci gaba da bincikensa.

Wannan tsari yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas kafin a ga amfaninsa sosai, kuma makon farko da na biyu sukan fi wuya. Alamar farko da na gani ba ƙaruwar awoyi ba ce. Na dai lura cewa magariba tana yi ba tare da gabana ya faɗi ba. Ranar da ciwon ya motsa barci zai sake rikicewa, wannan babu makawa. A irin waɗannan kwanaki ka sassauta wa kanka, ka huta yadda jiki ya nema, ka riƙe lokacin tashi da hasken safiya kawai, idan ya lafa kuma ka ɗauko littafin ka sake cika mako biyu.